Jan Fenti a Bangon Goggo

Yau ma da ƙafa ɗaya cikin ruwan zafi nake rubuto muku, jama'a. Gwiwata ta kumbura, takalmina na dama ya wage baki, uwargida kuwa ta ce maganina ke nan, tunda ina da shekara sittin da bakwai na kama zagaye makaranta a ƙasa kamar ɗan aji uku. Ban yi mata musu ba, don butar ruwan zafin tana hannunta.

Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san gidan abincin Goggo da ke bayan tsohuwar firamarenmu. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, benci huɗu, da teburin da tun ina yaro da bulo ake tokare masa ƙafa. Mahaifiyarta ce ta buɗe shi, ita ta gada. A bakin murhun nan ta yi furfura, da shi ta ciyar da 'ya'ya biyar, da shi take riƙe da jikoki biyu marayu. Ranar Asabar ta wayi gari ta tarar an shafa mata jan fenti a bango, an rubuta wai ta ci filin makaranta, ta kwashe nata ya nata.

Masu fentin kuwa su ne Kwamitin Ceto Filin Makaranta, Allah ya ƙara musu kishin ilimi. Shekara ashirin rufin azuzuwan nan yana yoyo, yara suna karatu a ƙasa, ko leƙe babu wanda ya yi. Da kishin ya tashi motsawa, sai ya tsallake komai ya dira a kan rumfar tsohuwa.

Mu uku 'yan aji ɗaya muka tafi ofishinsu: ni, da Mai Agogo, da Monita. Monita shi ne shugaban ajinmu, sunan ya bi shi har ritaya, kuma har gobe in ya zaro biro sai gabana ya faɗi. Aka shigar da mu wurin shugaban kwamitin, Mai Girma Uban Awo, muka gaishe shi da ladabi.

Monita ya ce, "Ranka ya daɗe, taswirar makarantar muka zo a nuna mana."

"Gara ta cinye ta, Baba."

"To, kwafinta fa?"

"Ruwa ya shiga ɗakin."

Mai Agogo ya sunkuyo ya raɗa mini cewa garar ofishin nan da karatunta, ba ta cin takarda sai mai amfani. Uban Awo ya yi murmushi ya ce ai mu dattawa mu ne taswirar, mu fito ranar Litinin mu nuna musu iyaka a gaban kowa. Na san lissafinsa. Ya ga tsofaffi uku da tabarau biyu, ya ɗauka kafin mu kai kwanar farko mun yi faɗa da juna.

Abin da bai sani ba, a zamaninmu duk wanda ya makara sai ya zagaye shingen makaranta sau uku da gudu kafin ya shiga aji. Ni kuwa shekara bakwai na yi ina makara, ban taɓa gajiya ba. Zan iya manta inda na ajiye hulata, amma ƙafafuna ba su manta shingen nan ba.

Ranar Litinin da hantsi muka hallara. Uban Awo ya zo da littafi, da mai riƙe masa laima, da mutum biyu masu igiyar awo. Muka fara daga famfo. Na nuna musu kusurwar farko, daura da inda gidan burodi yake a da, wanda ƙamshinsa ke sanar da mu an kusa fita tara tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Yanzu katin waya ake sayarwa a wurin. Muka miƙe har bayan tsohon kantin littattafai, inda mai kantin kan sa mu nuna masa tafin hannu kafin mu taɓa littafi. Mai Agogo ya tsaya zai ba da labarin kantin takalman da ake zana ƙafar mutum a takarda, Monita ya daka masa tsawa cewa ba surutu a layi. Uban Awo yana ta rubutu yana gyaɗa kai.

Da muka iso bayan Goggo na ja layi da sandata. Shingen ya bi ta nan, rumfar tana waje da taku goma sha biyu.

Uban Awo ya ce, "Baba, kana da shaida?"

Na ce, "A jikina take, ranka ya daɗe. Bulala shida hedimasta ya yi mini a gaban makaranta kaf, laifina shi ne na fita waje cin abinci. A nan na ci shi. In rumfar nan a cikin makaranta take, to a tono hedimasta ya ba ni haƙuri."

Monita ya ce, "Ni na rubuta sunansa."

Goggo ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Ni na ɓoye shi a ƙarƙashin teburin can. Ƙafarsa ce ta leƙo aka gan shi, da ma can ƙafar nan ba ta jin magana."

Jama'a suka fashe da dariya, har mai laima. Na ga fuskar Goggo ta washe a karon farko tun Asabar, na ce a raina shi ke nan, mun gama. Da mun tsaya a nan da mun yi wayo. Amma tsoho in ya samu masu sauraro ba ya jin birki, sai muka ci gaba zuwa kusurwa ta uku.

Ba mu yi nisa ba muka ci karo da katanga mai farin fenti, ta katafaren ɗakin taron nan na Mai Alfarma Babban Masoyin Yara. Na ce shingen ya wuce ta bayan ginin. Uban Awo ya ce in sake tunani. Na sake, shingen bai motsa ba. Monita ya leƙa ta ƙofar gilashi ya nuna dandalin da manya ke zama, ya ce daidai nan golanmu yake tsayawa. Mai Agogo ya ƙara da cewa gidan man da ke gefe, wanda muke yini a layinsa, a kan lambun makaranta yake, shi da hannunsa ya yi kunya bakwai a wurin. Masu igiyar awo suka fara naɗe igiyarsu ba tare da an ce musu ba. Uban Awo ya rufe littafi, ya duba agogo, ya ce rana ta yi zafi, bai kamata a wahalar da iyayenmu ba.

A nan dole in yaba. Mutanen da famfon unguwarmu ya shekara takwas yana jiran sa hannunsu, cikin kwana biyu suka fitar da rahoto. Rahoton ya ce bincike ya nuna ba a dogara da tunanin wanda ya haura sittin a maganar fili. Ya ce makarantar ba ta taɓa mallakar filin ƙwallo ba, wataƙila a titi muke bugawa. Ya kuma wanke Goggo tas, ba ta ci ko taku ɗaya na makaranta ba, kwamiti yana ba ta haƙuri. Sai dai an gano rumfarta tana kan wurin da aka ware don ajiye motocin masu zuwa ɗakin taro.

Ranar Alhamis katafila ta zo. Ko minti goma ba a yi ba aka rushe gidan abincin. Raina ya ɓaci, kuma kunya ta kama ni, don bakina ne ya kai mu kusurwa ta uku. Na tarar da Goggo zaune a kan benci a bakin titi, tukwane a kife a gabanta, jikokin suna tsince cokula daga cikin ƙasa. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Bari, gaskiya ka faɗa. Ni abu ɗaya ke damuna. Shekara hamsin da asuba nake hura wuta. Gobe in na tashi, ina zan nufa?"

Na sunkuya na taya jikokin tsintar cokula. Monita kuwa, mai amsar komai, ya cire tabarau ya kama goge shi.

Da safiyar yau aka kawo mini kati mai ruwan zinari. Kwamiti yana gayyatar dattawan gari zuwa Ranar Tuna Baya, a ɗakin taron Mai Alfarma, mu ba matasa labarin tsofaffin kantuna da makarantu da gidajen abinci, don kada tarihi ya ɓace. Ashe tunaninmu yana da kyau, in dai za a tafa ne a tashi. An ce Goggo ma an kai mata nata, ta zo da tukunya ɗaya a ɗauki hoto.

A ƙasan katin an rubuta cewa akwai wadataccen wurin ajiye mota. Wannan kam ba su yi ƙarya ba. Duk wanda ya zo ya ajiye a layin farko, kusa da katanga, ya taka a hankali, a nan murhun Goggo yake, ƙasar wurin ba ta gama hucewa ba.