Takalmina a Hannun Golar Ƙasa

Ina iya manta abin da na ci jiya, amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Zuwaira ta zo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Mayahi. Ko da na so in manta ma, mutanen gari ba za su ƙyale ni ba.

Bari in fara da kaina, tunda ni na jawo. Ni malamin tarihi ne, Mushe kamar yadda ake kiran malami a nan, kuma da ina saurayi na ɗan taɓa ƙwallo a unguwa. (Yau ne karo na farko da na sa wannan "ɗan" a cikin labarin.) A fadarmu ta shan shayi kuwa, kowace shekara labarin ƙara girma yake. Na ce na taɓa jefa ƙwallo a raga daga tsakiyar fili a Attantane. Na ce wasu sun zo takanas daga Maraɗi su ɗauke ni, babana ya hana saboda aikin gona. Har abokaina suka laƙa mini suna Kapiten, ni kuma ina amsawa da fara'a, ban taɓa tsayawa na duba fuskokinsu ba.

Ita Zuwaira 'yar Urafane ce, kuma gola ce, wato mai tsaron raga. A bayan aji ta fara, da ƙwallon tsumma, tsakanin duwatsu biyu. Daga nan wani kulob na mata a Maraɗi ya ɗauke ta, ta wuce Yamai, aka kira ta ƙungiyar ƙasa. Ta samu rauni a kafaɗa har aka ce ta gama, ta warke ta dawo, daga baya wani kulob na ƙasar waje ya saye ta. Duk wanda ke da wayar salula a yankinmu ya taɓa ganin bidiyonta tana shawagi a iska.

Ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba. 'Yan matan lakwal ɗinmu ne suke son kafa ekip tasu, wato ƙungiyar ƙwallo, iyaye maza suka ce ba da su ba. Jagoran masu ƙin shi ne Alhaji Ila, mai sayar da hatsi, shugaban ƙungiyar iyayen yara, mutumin da in ya ce a'a ko direkta, shugaban lakwal, sai ya sunkuyar da kai. Ɗiyata Ramatu tana cikin masu so, ita ce ma uwar zuga. Ni kuwa a ɗakin malamai ina goyon baya da babbar murya, a gida in ta tambaye ni sai in ce, "Sai mun gani." Da direkta ya ji Zuwaira ta zo hutu wurin iyayenta, sai ya aika ya roƙe ta ta zo ta yi wa iyaye magana. Ta amsa.

Ni aka ba aikin gabatar da ita. Na sha babbar riga mai sitati, na kafa hula, na zura sabon takalmi sau-ciki da na sayo a kasuwar Tasawa. (Ya ɗan yi mini yawa, amma mai kantin ya ce ƙafa tana buɗewa da zafi.) An kafa rumfa a gefen fili, dattawa a kan kujeru, mata a kan tabarmi, yara sun cika ko'ina har kan katanga. Zuwaira ta zo da doguwar riga da gyale, doguwa, mai faɗin hannu, ta bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ta durƙusa ta gaishe su.

Wallahi jawabin ya fara da kyau. Na kawo Urafane, na kawo Maraɗi da Yamai, na kawo ranar da ta fara tsayawa ana rera taken ƙasa. Aka yi tafi. To tafin nan ne ya hau mini kai. Maimakon in miƙa mikro in zauna, sai na ji bakina yana cewa, "Ni da nake tsohon ɗan wasa, na san abin da gola take ji in gwani ya tsaya gabanta."

Daga can baya abokina Sani, ɗan fadarmu, ya ɗaga murya: "To Kapiten ya buga mata penalti mana mu gani!"

Yara suka ɗauka. "Ka-pi-ten! Ka-pi-ten!" Na dubi direkta ya cece ni, sai na ga shi ma yana tafi. Zuwaira ta yi murmushi, ta shiga aji, ta fito cikin kayan wasa, dogon wando da riga mai dogon hannu, ta ɗaure kanta tamau tana sa safar hannu.

A nan ma da hanyar tsira. Sai in ce gwiwa, sai in ce alwala, kowa zai gane. Amma me na yi? Na matsa kusa da ita na ce, a gaban mikro da ban san a kunne yake ba, "Kar ki ji tsoro, ɗiyata, a hankali zan buga."

Ta ce, "A'a, Mushe, don Allah ka buga da gaske. In ka tausaya mini, su Baba za su ce ba mu iya ba."

Aka ajiye ƙwallo. Na naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, na ja baya sosai kamar yadda na ga ana yi a tele. Na kwaso da gudu, riga tana kaɗawa, tumbi yana gaba ina biye, na rufe ido na saki ƙafa da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Na ji wani abu ya tashi. Na buɗe ido na ga Zuwaira ta yi tsalle gefen dama, ta miƙe a iska kamar a bidiyon nan, ta cafke shi da hannu biyu ta faɗo ta mirgina. Har na fara jin daɗi, na ce ko ba komai na sa golar ƙasa ta taɓa rairayi. Sai na duba ƙasa. Ƙwallo tana nan inda aka ajiye ta, ko motsi ba ta yi ba. Ƙafata ta dama kuwa babu komai sai safa, safar ma ta ɓule, babban yatsa ya leƙo yana gaida jama'a.

Takalmina ta kama.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata suka kwanta a kan juna. Wani yaro ya faɗo daga katanga. Alhaji Ila, wanda wasu suka rantse ba su taɓa ganin haƙoransa ba, ya cire hula yana share hawaye da ita. Ni kuwa na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ina roƙon Allah ya aiko da hadari ko da ba damina ba ce. Zuwaira ta tako ta zo, ta kakkaɓe takalmin, ta rusuna ta ajiye shi a gabana. Wannan ladabin ya fi dariyar ƙona ni.

Sai ta karɓi mikro, ta jira hayaniya ta lafa.

"Ku yi dariyarku," in ji ta, "amma ni na san abin da Mushe yake ji. Ranar da na fara tsare wa ƙasa raga, wata ƙwallo mai sanyi, wadda ko kakata za ta tare, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta shige. Ana nunawa a tele. A Urafane an taru a ƙofar gidanmu ana kallo. Na kira babana ina kuka na ce gida zan dawo. Ya ce mini, ‘In kin dawo yanzu, da wannan za a san ki har ki mutu. Ki koma ki ba su wani abin da za su tuna.’ Shi ya sa nake nan yau."

Alhaji Ila ya mayar da hularsa ya gyara zama. Dariyar nan kamar ta sassauta masa wani abu, don da ya buɗe baki ba faɗa ya yi ba, tambaya ya yi.

"Ɗiyata, can inda kuke tahiya, wa ke kula da ku? Ina kuke kwana? Karatun fa?"

Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɓoye wahalar ba. Ta ce akwai shekarun da kulob bai biya su ba, akwai ƙasar da ta yi azumi ita kaɗai a cikin ekip. Ta ce ba kowace yarinya ce za ta kai inda ta kai ba, don haka wadda ta bar karatu saboda ƙwallo ta cuci kanta. Sannan ta ce a kira mata 'yan matan, kowa ta zo ta gwada.

Suka jeru suna ɓoye fuska. Ta farko ta buga waje, ta biyu ta buga mata a hannu. Da aka zo kan Ramatu, ta cire silifas ta ajiye gefe (darasin ubanta bai wuce ta ba), ta taka kaɗan ta ɗirka. Zuwaira ta ture ƙwallon da ƙyar, ta tashi tana yarfe hannu.

"Kai! Wagga ɗiyar wa ce?"

Fili gaba ɗaya ya amsa: "Ɗiyar Kapiten!"

Alhaji Ila ya dube ni ya dubi yarinyar, ya ce, "To, wajen uwa ta ɗauko."

A ranar aka amince, da sharaɗi: malama mace ce za ta riƙa raka su, a tashi kafin magariba, kuma wadda ta faɗi jarrabawa ta ajiye ƙwallo. Da muka koma gida Ramatu ba ta ma sake tambayata ba. Da wane bakin zan ce sai mun gani?

Zuwaira ta koma kulob ɗinta, har yanzu ita ke tsaron ragar ƙasa, kuma duk sanda ta zo hutu sai ta leƙo ta ga 'yan matan. Bara suka je Tasawa suka yi kunnen doki, suka dawo suna waƙa a bayan mota kamar sun ɗauko kofi. Bana an kira Ramatu gwaji a Maraɗi, ni na raka ta tasha da kaina. Jikar Alhaji Ila ce golarsu, kuma shi ya saya musu raga.

Ni ma an ba ni matsayi a ekip: ni ke ɗauko jarkar ruwa. Abin da na koya kuwa, in mutum ya kai shekaruna kuma yana jin lallai sai ya ba da labarin bajintarsa, to ya fara waigawa ya tabbata babu ƙwallo a kusa. In akwai, ya yabi 'ya'yan mutane ya koma ya zauna.