Yadda Ake Maƙala wa Sa Makirfo

Ɗan Asabe mai lasifika ya ci amanar yara, ya sayar da muryar 'yar mutane a kan cinyar saniya. Na faɗa, kuma ko gaban alƙali zan maimaita. Abin ya faru ne ranar yaye ɗalibai a wata makarantar kuɗi nan Talata Mafara. Yara sun shirya wasan kwaikwayo mai waƙoƙi kan sulhun manomi da makiyayi, aka ɗauko shi ya sa musu makirfo. Na ga samari da yawa sun sayi amfilifaya suna son shiga wannan sana'a, shi ya sa na tsara maka hanyarsa daki-daki. Ka bi ta yadda take, na yi maka alkawarin kafin la'asar babu wanda bai san sunanka ba a garin nan.

1. Ka rantse kayanka lafiya lau suke

Makirfo uku gare ka irin waɗanda ake maƙalawa a wuyan riga, marasa waya. Ɗaya yana aiki. Ɗaya sai an mare shi yake farkawa. Na ukun ya mutu tun ranar da ya faɗa cikin kwanon kunu a wurin wani suna a Damri. In hedimasta ya tambaye ka, ka dafa ƙirji ka ce, "Ranka shi daɗe, ko gwamna ya zo da su za a yi." In ya nemi a gwada, ka ɓata rai. Gwaji aikin mai shakka ne, shakka kuwa ba ta da kyau ga musulmi.

2. Kada ka saurari murya, ka tambayi uba

Ranar da yara ke bita ka zo ka zauna a inuwa. Za ka ji wata yarinya Naja'atu, ita ce mai waƙar sulhu da ake rufe wasan da ita. Zangon karatu guda ta yi tana koyonta, har mai gadi ya haddace amshin. Wannan ce shekararta ta ƙarshe a makarantar, kuma kakarta Tabawa ta ce za ta taso daga Tsibiri a kan babur, a wannan hanya da kowa ya san halinta, don kawai ta ji jikarta. Duk wannan bai shafe ka ba. Uban yarinyar manomi ne, abin da za ka samu a hannunsa bai wuce addu'a ba.

Ka duba can gefe. Akwai sa a cikin wasan, shi ne ke cinye gonar. Yara biyu ne a ƙarƙashin bargo, an ɗaura musu ƙaho na gaske. Na baya Ukasha, na gaba Jabir ɗan Alhaji Magaji mahauci. An ba Jabir kan sa ne don malamai sun ji waƙarsa sau ɗaya.

3. Ka bi ta mahauta kamar hanya ce ta kawo ka

Ka gaida Alhaji, ka tambayi gida, ka tambayi gajiya, ka tambayi kasuwa. Kada ka yi gaggawa, shi zai ɗauko maganar.

"Ɗan Asabe, an ce mini yaron nan nawa sa aka ba shi."

"Sa ne, Alhaji, amma babban sa."

"To ina son in ji shi. Ban kai shi makaranta don a lulluɓe mini shi da bargo shi yi shiru ba."

"Alhaji, ai kukan nasa sau biyu ne duk wasan."

"To sau biyun nan a ji su har Bakura."

Zai sa a naɗe maka cinya a takardar siminti. Ka ce ba ka karɓa, hannunka na miƙe. Mai hikima ba ya sansana kyauta.

4. Ka raba kayan da adalci irin naka

Ba ka shiga ɗakin 'yan mata, balle ka taɓa hijabin wata, don haka Malama Sa'adatu ce za ta maƙala musu a bayan labule. Wannan ladabi ne, kuma rufin asirinka ne. Ka liƙe fitilar mataccen makirfon da baƙin salatif, ka miƙa mata ka ce na Naja'atu ne. In ta ce, "Malam, ban ga jar wutar ba," ka ce, "Wanga sabon samfuri ne, Malama, wutarsa ciki take ci." Wanda ake mari ka ba yaron da ya fito a manomi, dama aikinsa ihu ne. Mai kyan ka shiga da shi ƙarƙashin bargo da kanka, ka ɗaure shi daidai bakin Jabir. Kada ka nuna masa inda ake kashewa. Ilimi da yawa yana ɓata yaro.

5. Ka ƙure murya

Kukan farko zai fito kamar an tsaga sama. Akuyoyin unguwa za su watse, Alhaji Magaji zai juya yana duban mutane yana gyara hula. Ka ji daɗinka, lokacinka ne.

Sai a zo waƙar sulhu. Naja'atu za ta fito tsakiya, ta buɗe baki, janareta na ruri a bayan rumfa, ba mai jin ko harafi. Shi kuwa sa an ɗaure shi a gefen dandali yana jiran a tashi, rana ta dafa bargo. Abin da lasifika za ta watsa wa iyaye da malamai da manyan baƙi shi ne wannan:

"Kai Ukasha, ka daina taka mini dunduniya!"

"To ka matsa, ni numfashi ba ni iyawa. Wai mi ya sa kai aka ba mai kyau?"

"Baba ya ba Ɗan Asabe cinya."

"Cinya guda?"

"Wadda ta kwana uku ba ta sayu ba. Inna ta ce ko kare a ba, Baba ya ce a'a, akwai mai lasifika."

6. Ka ɗora wa wani

Ka ce janareta ne, ko da yake kowa na jin rurinsa. Ka ce iska ce. Ka ce yaran yanzu ba su da tarbiyya. Ka fizge wayoyi duka, ka kashe janareta, filin ya yi tsit, daidai lokacin da yarinyar ta kai ƙarshen waƙarta ta rufe baki.

Tsohuwa Tabawa za ta taso da sandarta har inda kake tsugune. Ba za ta zage ka ba.

"Ɗana, kai ne mai ƙarfen nan?"

"Ni ne, Iya."

"Na ga bakinta na motsi. Mi ta ce?"

Wannan tambayar ba ni da matakin da zan ba ka a kanta. Shi ma Ɗan Asabe ranar nan naɗe wayoyinsa kawai ya shiga yi. Hedimasta ya roƙi Naja'atu ta sake, ta ja hijabi ta rufe fuska ta shige aji. Tsohuwar ta hau babur tun da sauran rana saboda hanya, ta koma Tsibiri ba ta ji komai ba sai sa.

Ni dai na gaya maka yadda aka yi. In ka bi, cinyar ta ɓata maka ciki, ko mahauci ya daina amsa gaisuwarka, ko aka ɗauke ka da sanda, kada ka zo ƙofata. Ban san ka ba, ban aike ka ba.

Ɗan Asabe kuwa makarantar ta sallame shi a ranar. Matan gari sun daina kiransa biki da suna, ya sayar da lasifikarsa ga wani mutumin Morai. Yanzu cajin waya yake yi a bakin tasha, kuma duk yaron da ya zo wucewa sai ya yi masa kukan sa.