Ban-Saki-Ba da Kujerar Ƙarƙashin Fanka

"Kofin nan nawa ne, ajiyarsa kawai suke yi min."

Haka mai gyaran agogo ya faɗa mana ranar da aka manna takardar gasa a ƙofar ɗakin da muke buga dara. Ba darar rami ba, wadda ake ce wa ces nake nufi, mai sarki da sarauniya da doki da 'yan sojoji. Mu tara ne a ƙungiyar, muna haɗuwa a ɗakin bayan shagon mai aski in an tashi daga aiki. Ni kafinta ne, ni na yi teburan.

Kai da ba ka san mutumin ba, bari in kwatanta maka shi. Gajere ne, ga tumbi, ga tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa cin sa a ɗakin nan ba, kuma ba don ya iya ba. In ya tura doki sai ya ɗora masa yatsa ya tsura maka ido. Ya ga ka ɓata rai, ya saki. Ya ga ka yi murmushi, ya janye abinsa ya ce, "Dakata, ban saki ba." Wani lokacin sai ka cinye sarauniyarsa ka ajiye ta gefe, sannan zai tuna bai saki ba. A haka zai riƙe ka har matarka ta gaji da bugo waya, ka tashi, shi kuma ya rubuta a littafinsa cewa ka gudu. Shi ya sa muke kiran sa Ban-Saki-Ba. Shi da kansa Jagora yake ce wa kansa.

A ɗakin akwai kujera ɗaya mai daraja, tsohuwar kujerar aski mai katifa, mai juyawa, daidai ƙarƙashin fanka. Ta gwanin ƙungiya ce. Mu saura benci muke zama, zufa na bin bayanmu. Ban-Saki-Ba ya fi son kujerar nan fiye da shagonsa. Ko ya fita kama ruwa sai ya bar hularsa a kai.

Mai aski, wanda shi ne shugabanmu, ya tambaye shi in fa bai dawo da kofi ba. Ya bugi ƙirji ya ce to ya bar kujerar har abada, kowa ya shaida. Muka shaida. Washegari ya zo wurina ya sa na yi masa akwatin gilashi na ajiye kofi. Na tambayi tsawon kofin, ya ce in dai yi babba.

Ranar gasa ya ɗauke ni rakiya, wai don a samu mai ba da labari. Babban ɗakin taro ne, tebur ashirin a jere, kofi a can sama kusa da tebur na ɗaya. Wasa biyar za a yi a wuni guda. In ka ci a matsar da kai sama, in an ci ka a gangara da kai ƙasa. Kowane tebur da agogo mai fuska biyu, kowa da tasa, minti ashirin da biyar. In ka yi wasanka sai ka danna maɓallin ɓangarenka, lokacinka ya tsaya, na abokin wasanka ya fara tafiya. Wanda nasa ya ƙare an ci shi. Alƙalin gasa ya yi bayanin wannan da sauran dokoki. Mutuminmu bai ji ba, yana can yana gwada tsawon kofi da tafin hannu.

Ƙuri'a ta kai shi tebur na uku, da wani direban motar haya marar magana. A motsi na bakwai ya ɗauki sarauniya ya dire, ya ɗora yatsa, ya duba fuskar direba. Direba ya yi murmushi. Mutuminmu ya janye ta ya ce bai saki ba, ya kama doki. Direba ya ɗaga hannu, alƙali ya zo ya ce a nan abin da ka taɓa shi za ka motsa. Duk inda sarauniyar za ta je a bakin mutuwa take. Ban-Saki-Ba ya ce a ƙungiyarsu ba haka ake yi ba. Alƙali ya ce ya yarda, amma nan ba ƙungiyarsu ba ce. Direba ya ci shi. Da muka fito mutuminmu ya ce min ƙafar teburin ce ta gurguje, aikin kafintocin yanzu.

A wasa na biyu, tebur na tara, na ga ya yi wasa bai danna agogo ba. Lokacinsa na zuba, shi yana gyara tabarau. Na matsa na ce a hankali, "Agogo."

Ya juyo kamar na zagi mahaifinsa. "Ni za ka koya wa agogo? Shekara talatin ina cikin hanjinsa. Kafinta ya tsaya a kan katako."

Bai tsaya nan ba, sai da ya kira alƙali ya kai ƙarata, wai ina raba masa hankali. Alƙali ya ce min, "Baba, 'yan kallo ba sa magana a nan. In ka ƙara ko tari, waje." Na ce to. Ni dama magana ba ta dame ni ba. Abokin wasan ne ya ji tausayinsa ya nuna masa maɓallin, sannan ya ci shi.

A na uku ya fito da dabarar da ya haddace daga waya, wai motsi huɗu an gama wasa. Ya kai sarauniya gaban sarkin wani malamin makaranta, ya miƙe tsaye ya sanar wa ɗaki cewa wasa ya ƙare, ya miƙa hannu a gaisa. Malamin ya dubi hannun, ya dubi allo, ya sa sarkinsa ya cinye sarauniyar. Ba mai tsaron ta. Mutuminmu ya koma ya zauna da hannunsa a miƙe.

A na huɗu ya gano inda matsalar take. Agogon ne, ɓangarensa yana gudu. Ana cikin wasa ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kifa agogon gasa ya buɗe bayansa. Kafin alƙali ya iso batir ya gangara ƙarƙashin tebur na sha takwas. Aka ba abokin wasansa nasara, shi kuma aka karɓe sukundireban.

Lokacin hutu ya buga wa mai aski waya, murya ta yi laushi. Ya ce maganar kofi ai raha ce irin ta 'yan'uwa. Mai aski mutum ne mai tausayi, ya ce an sassauta: ya ci wasa ɗaya tak, kujera tasa ce.

Wasa na biyar ya same mu a tebur na ashirin, jikin ƙofar banɗaki. Daga nan kofin kamar ƙwayar magani. Abokiyar wasansa wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ita ma aka ci sau huɗu, ga shi kuma kujerarta ba kowa. Alƙali ya ce doka a fili take: fararen 'ya'yan dara ne nasa, shi zai fara, in ya yi wasansa lokacinta zai yi ta tafiya har ya ƙare, ya ci. Ya tayar da agogon ɓangaren Ban-Saki-Ba ya wuce.

Ɗan'uwa, a duniya ba a taɓa ba mutum aiki mai sauƙin wannan ba. Ya tura soja gida biyu. Ya ɗora yatsa, ya dubi kujerar, kujera ba ta yi murmushi ba, ya saki. Ya miƙe ya karkaɗe riga ya tafi. Bai danna ba.

Ya fita baranda ya buga wa mai aski waya cewa a goge masa kujera, matar ta ji sunansa ta gudu. Ya buga wa matarsa. Ya tare wasu 'yan kallo yana koya musu yadda ake karya zuciyar abokin wasa tun kafin a zauna. Ya roƙi wani ya ɗauke shi hoto kusa da kofi. Ni ina tsaye a bakin tebur na ashirin, ina kallon lambobi suna sauka. Minti goma sha biyar. Takwas. Sau ɗaya ya hango ni ya ɗaga min babban yatsa. Na ɗaga masa nawa.

Saura minti ɗaya sai ga tsohuwa ta shigo da jakarta. Ashe har ta kai tasha za ta gida, ta tuna ta bar laimarta a rataye jikin kujera. Ta ga allo a shirye, ta zauna ta huta ƙafa. Agogo ya yi ƙara.

Ban-Saki-Ba ya taho da gudu, tumbi na gaba. Ya dubi agogo, ya sauya tabarau ya sake dubawa. Ya ce da alƙali, "Ban saki ba."

Alƙali ya ce, "Ka saki, Malam. Dannawa ce ba ka yi ba."

Tsohuwa ta sa hannu a takarda, ta ce shekara shida tana zuwa gasa ba ta taɓa ci ba sai yau, Allah ya yi masa albarka. Ta ɗauki laimarta.

A mota ya tambaye ni, ina gani na yi shiru? Na ce ina kan katako.

Iyakar tarihinsa a gasa ke nan, wuni ɗaya. Akwatin gilashin yana nan a shagonsa, matattun batira yake zubawa a ciki. Mu kuma muka zauna a kan wa zai gaji kujerar, aka kasa daidaitawa, mai aski ya ce a bar ta haka nan ba kowa, tunda an ga abin da kujera take iyawa.

Bayan sati uku Ban-Saki-Ba ya dawo. Ya zauna a ƙarshen benci, zufa na bin bayansa, ya tambaya ko akwai mai buga wasa da shi. Kowa ya ce yana da abokin wasa. Mai aski ya jera masa allo a gaban kujerar ƙarƙashin fanka, ya juyo da ita ta fuskance shi.

"Ga ta nan, Jagora. Amma ka bi ta a hankali, ƙanwarta ce ta ci ka."