Ranar da na kira Inna a gaban kwamiti

Ba zan taɓa mantawa da wahalar neman diyyar gwiwata ba. Abin ya yi wuya ƙwarai. Ciwon kansa bai gajiyar da ni kamar zirga-zirgar ba. Yau Anka, gobe Gusau, jibi a ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Ni kuma aji huɗu na firamare na tsaya, kowace takarda sai na nemi mai karanta min.

Lebura nake a kamfanin da ya yi kwalbatocin hanyarmu ta Bukkuyum. Muna sauke zoben kwalbati daga mota igiya ta tsinke, zoben ya dawo ya maki gwiwata ta dama. Tun daga nan ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa yadda ya kamata. Sallah a kan kujera nake yi. Gonar gero da wake kuwa sai kallo. A asibitinmu aka ce sai an yi min aiki a Sakkwato, in ba haka ba da sanda zan ƙare rayuwata. Kuɗin aikin nan shi nake nema, ba wani abu ba.

Karon farko an hana ni, kuma ni na jawo. Ofishin diyyar ma'aikata ya tura ni wajen likita, sai na tarar mace ce, yarinya, 'yar kudu, Hausarta kaɗan. Ta yi min nuni in tsuguna. To ni, ƙato da furfura a gemu, in tsaya gaban sa'ar 'yata ina raki? Na cije haƙori na tsuguna. Na miƙe. Ta ce in sake, na sake, har da murmushi (Allah ya sani idona ya kawo ruwa, na ce mata mura nake). Ta rubuta cewa na warke. Da na fito, mai kabu-kabu ne ya ɗora ni kan babur kamar buhun dawa, na yi kwanaki ban taka ƙasa ba.

Wani malamin makaranta maƙwabcinmu ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, ya rubuta min takarda, Allah ya saka masa. Bayan watanni aka ce kwamiti zai zo daga Gusau ya zauna a Anka, in je.

Mai ɗakina Rabi ta kwana biyu tana min karatu.

"Malam, wanga karon ban da jarumta. In sun ce ka tsuguna, ka ce ba ka iyawa. Ba ƙarya ba ce."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Ko hakimi ka gani, ka gaishe shi a tsaye. Riƙe sandarka."

Na ce mata ni ba yaro ba ne. Ta miƙo min sandar.

Akwai abin da ya kamata ku sani. Rabi marainiya ce, kawunta Malam Bala na Gummi shi ya riƙe ta, shi ya ba ni aurenta. Tsohon malamin asibiti ne, ya yi ritaya. Tun da na auri Rabi ban taɓa yi masa magana a tsaye ba, daga bakin zaure nake cire takalmi in zube. Da na ji ciwon nan sai na daina zuwa Gummi gaba ɗaya. Sallah ƙarama ta wuce, babba ta wuce, ban je ba. Ya aiko ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina cewa hanya ba kyau (hanyar dai ba kyau, kowa ya san halinta yanzu, amma ba ita ta hana ni ba). Na kasa tunanin yadda zan tsaya ƙiƙam a kan surukina in ce ina kwana.

Ranar zaman na shiga ɗakin da sandata, ina maimaita karatun Rabi a zuci. Mutum uku a bayan tebur, ga wakilin kamfani, ga likitar nan da aka kira ta kare rahotonta. A gefenta kuma wani tsoho da farar hula da tabarau, an ɗauko shi ya yi tafinta. Ya ɗago kai.

Kawu Bala.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Sanda ta faɗi can, takalmi ya fita, na zube ƙasa gaba ɗaya kan gwiwar nan. Wakilin kamfani har ya fara nuna ni da biro, wato ku gani, ga wanda ya ce ba ya tsugunawa. Sai gwiwar ta yi ƙas, kamar an karya kara. Abin da ya fito daga bakina, da ƙarfin da har masu jira a baranda suka leƙo, shi ne:

"Wayyo Inna!"

Ni, mai jikoki. A gaban surukina, a gaban yarinyar da na yi wa jarumta. Na yunƙura in tashi ƙafar ta ƙi, na kife gefe ina riƙe da ƙafar tebur, hulata ta gangara ƙarƙashin kujerar shugaban kwamiti.

Kawu ya leƙo ni ta saman tabarau. "Mijin Rabi, kai ne? Mi ya kai ka?"

"Ina kwana, Kawu," na ce, daga inda nake kwance.

Likitar ce ta fara zuwa. Ta durƙusa a ƙasa da farar rigarta, ta naɗe min ƙafar wando, ta danna nan ta danna can. Gwiwar ta riga ta fara kumbura kamar ƙwarya. Ta yi tambaya da Turanci, Kawu ya juyo.

"Ta ce, ranar da ta duba ka, da wanga ciwon ka yi ta tsugunawa?"

"Da shi."

"Ta ce don mi ba ka faɗa ba?"

Na kau da kai. Kawu ya ce kwamiti na jira. Na ce, ina kallon silin, "Kunya na ji mace ta ga na kasa."

Haka surukina ya juya wannan magana zuwa Turanci, a hankali, bai rage komai ba. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya rufe fuska da fayil, kafaɗarsa na rawa. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta yi musu magana mai tsawo. Kawu ya faɗa min daga baya cewa ta ce rahotonta na farko ba daidai ba ne, a ajiye shi, a tura ni hoto da aiki. Ba kowa ke faɗin haka a kan aikinsa a gaban manya ba. Har gobe ina mata addu'a, ko sunanta ban iya faɗa daidai ba.

A ƙasa na ƙarasa zaman, an sa min fayil a ƙarƙashin kai. Shugaban ya ce sun soke hukuncin farko, za a kai ni Sakkwato. Wakilin kamfanin da kansa ya kama ni muka fita, shi da Kawu.

A bakin mota Kawu ya ce, "Ashe don gaisuwa ka guje ni shekara guda? Ni ƙafarka na ba Rabi ko kai?"

Labari ya riga ni isa Bukkuyum, direbobin tasha ba su da aiki. Na tarar da Inna, mahaifiyata, zaune a ƙofar ɗakina da carbinta.

"An ce kana nemana a Anka," ta ce. "To ga ni."

Rabi na bakin murhu ta juya baya tana danne dariya, wai hayaƙi ya shiga idonta.

Abin da na koya bai da yawa. Watanni na yi ina ɓoye ciwo don kada a raina ni, ba wanda ya taimake ni sai ranar da na yi ihu.

Washegari da safe na ɗaure gwiwar da rawani, na sayi goro a tasha, na hau motar Gummi. A bakin zauren Kawu na cire takalmi, na dogara sandata, na gaishe shi a tsaye. Ya amsa kamar haka muka saba, ya tura min kujera da ƙafa.