Rasuwar Rumbu, Ma'ajin Hotunan Shagon Yahuza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da kallon koren layi, ni Yahuza Mai Hoto na bakin tashar Makarfi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ikara, Kudan da kewaye rasuwar dattijon shagona, tsohon injin kwamfutar ɗakin baya wanda kowa ya sani da Rumbu. Ya cika ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya, a gabana da gaban Hauwa'u ta ƙauyen Taba, wadda ta zo karɓar amanar da ta ba mu, wato hoto guda na mahaifiyarta.

Marigayin bai taɓa neman suna ba. Kwamfutar da ke kan tebur, wadda muke kira 'Yar Gaba, ita ke shan kallo da yabo. Shi kuwa yana can baya kusa da jarkar fetur, ba shi da ko allon kirki, aikinsa ɗaya ne. Kullum bayan la'asar 'Yar Gaba takan turo masa hotunan ranar ta igiyar da ta haɗa su, koren layi ya yi ta tafiya har ya cika, shi kuma ya ce "ƙit", alamar ya karɓa ya adana. Da wannan "ƙit" ɗin nake rufe shago. Saboda amincinsa ne 'Yar Gaba, da yake cikinta ƙarami ne, ta saba share kanta duk Juma'a ba tare da tambayar kowa ba, ni ma na saba goge katin kamara da zarar na juye.

Mai riƙon sirri ne. Ya san angwayen da suka yi aron babbar riga, ya san manomin raken da ya jingina da motar wani aka ɗauke shi. Ya ga fuskokin amare kafin in gyara su da bayan na gyara, bai taɓa faɗa wa kowa bambancin ba. Ya sha zafin bazara da fanka ɗaya mai cewa "huuu", bai nemi komai ba sai a busa masa ƙura.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da alheri. Yayan matata, Yaya Zayyad, ya zo daga Kaduna ya ce manhajarmu ta tsufa, ya zauna ya sabunta ta tun daga 'Yar Gaba har Rumbu, bai karɓi komai ba. Ya kuma ƙara mana da sabon antibairos, maigadin da ke tsare kwamfuta daga cuta. To ashe akwai tsohon maigadi a ciki, wanda maƙwabcina Ilisha mai gyaran waya ya sa da hannunsa tun ranar da aka buɗe shagon, ranar da ya bar nasa aikin ya wuni yana ja mini igiya.

Ilisha ya leƙo ya gani, ya ce masu gadi biyu ba sa zama a inji ɗaya, in cire nasa. Jama'a, ku yi mini adalci. Mutum ya ce maka cire nawa, ai kara ce ya yi, kuma wanda aka yi wa kara ba ya rama ta da rashin kunya. Na Yaya Zayyad kuwa, wa ya isa? Mutumin da ya ba ni ƙanwarsa, kuma duk zuwansa sai ya duba ya ga tambarin kyautarsa na nan a ƙasan allo. Sai na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi, na bar su duka biyun, na ce tsaro ai ba ya yawa.

Tsaro kam mun samu. Ba a taɓa tsare shago a ƙasar Zazzau kamar yadda aka tsare nawa ba. Duk abin da ya biyo igiya, sabon maigadi zai cafke shi ya ce sai ya bincika. Tsohon maigadi ya ga baƙo ya riƙe kaya, sai ya cafke baƙon da kayan. Sabon ya ce an kawo masa hari. Haka suke wuni suna kama juna, ɓarawo ko ɗaya bai shigo ba, hoto ko ɗaya bai wuce ba.

Koren layi ya riƙa tafiya ya tsaya a tsakiya. Fankar marigayin ta koma kuka, jikinsa ya yi zafi kamar kaskon tuya. Ni kuma na ce tsufa ne, ba a gaggauta dattijo. In lokacin tashi ya yi sai in kashe janareta in tafi gida, washegari ya sake farawa daga hoton da ya tsaya a kai. "Ƙit" ta ɗauke, na ɗauka kawaici ne. Ita kuwa 'Yar Gaba ba ta fasa sharar Juma'arta ba.

Hotunan da suka salwanta a makonnin nan ba su dame ni ba, domin masu su duk sun karɓi nasu a takarda. Guda ɗaya ne ba a wanke ba, kuma shi ne na farko a layi, wanda Rumbu ya yi ta fama da shi kullum. Inna Lantana ta Taba ba ta yarda da kamara ba duk tsawon rayuwarta, da ta hango ni sai ta ja mayafi ta juya baya. Ranar sunan jikarta, 'yarta Hauwa'u ta roƙe ni in sace mata hoto ɗaya. Na laɓe bayan turmi, na same ta tana yi wa jaririyar dariya. Hauwa'u ta ce kada in wanke tukuna, in ajiye mata sai Inna ta manta. Na bugi ƙirji na ce yana wurin Rumbu. Kafin lokacin kaka ya shigo Inna Lantana ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan arba'in Hauwa'u ta zo da yarinyar a goye. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, na shiga ɗakin baya da ƙarfin gwiwata. Na nema a 'Yar Gaba, babu. Na nema a kati, babu. Na matsa wa Rumbu, ya yi "ƙas, ƙas, ƙas", fankarsa ta ja dogon numfashi ta tsaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ilisha ya cire ma'ajin cikinsa ya kai Zariya, bai ce mini ai na faɗa maka ba, wanda ya fi zagi ciwo. Tsofaffin hotuna sun fito lafiya. Na Inna Lantana kuma ya fito iya inda marigayin ya samu ya fizgo daga hannun masu gadi: ɗankwali, goshi, da idanu. Daga nan zuwa ƙasa toka ce zalla.

Marigayin ya bar 'Yar Gaba, da firinta mai yawan ƙorafi, da igiyar da yanzu ba ta kai kowa ko'ina. Ya kuma bar masu gadi biyu, suna nan cikin ƙoshin lafiya, kuma da safen nan kowannensu ya aiko da saƙo cewa babu wata barazana.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa mai zuwa da ƙarfe goma a ƙofar shago. Babu salla, liman ya riga ya harare ni. Ilisha zai kwance gawar, mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai ɗauke ta a baro. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi Yaya Zayyad komai, kada kuma kowa ya kawo kyautar antibairos.

Kafin a ɗaga shi za a miƙa wa Hauwa'u amanarta. Da na nuna mata abin da ya fito, na ce zan zana sauran fuskar da kwamfuta, na iya, ba za a gane ba. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta kwanto yarinyar daga baya ta ɗaga ta saitin idanun. Ta ce, "A'a, Malam Yahuza, bar shi haka, wanke mini babba. Ai ko tana raye iya abin da za ta bari ka gani ke nan. Kuma dubi, dariya take yi."