Rasuwar Ƙoƙon Awon Yajina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da barkono, ni Uba Mai Tsire na Dangora nake sanar da 'yan'uwa da masu cinikina na Kiru, Bebeji da Tudun Wada rasuwar ƙoƙon da nake auna yajin tsire da shi. Jikata Bushra ce ke rubutawa, ni nake faɗa, don ban taɓa shiga aji ba kuma ban ga abin da na rasa ba.

Marigayin ɗan duma ne daga gonar mahaifina. Tare muka ga fari, tare muka ga amai da gudawa. Ranar da mota ta kife da mu a dajin Falgore, ni da shi kaɗai muka fito ba ƙwarzane. Bai taɓa ha'inci ba. Ƙuli-ƙuli yakan ɗauka da tozo, barkono a shafe, citta iyakar ɗinkin da ke gefensa, gishiri kuwa daidai wani baƙin tabo da ni kaɗai nake gani. In na buga shi a bakin turmi sai ya ce ƙwas, ƙwas, duk unguwa ta san an fara aiki.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga waya. Ɗana Zayyad da ke Ingila ya ce in aiko masa da awon yajin a giram. Wani abokinsa na Amurka ya ce shi a kofi da oza, awon nauyinsu na can, yake so. Bushra ta kawo ɗan sikeli, ta ce, "Kaka, mu auna shi sau ɗaya mu huta." Na ce ƙoƙon da ya girmi ubanta ba zai hau sikeli kamar ɗan awon asibiti ba. Na ce kofi biyu ne, a rubuta. Ta tambaye ni kofin Ingila ko na Amurka, wai ba girmansu ɗaya ba. Mutanen da suka kasa daidaita kofin shayinsu, su za su gwada ni! Na miƙe na yi jawabi mai tsawo, na koma na zauna da ƙarfi don a san na gama magana.

Ashe marigayin yana kan bencin. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Ya rasu ya bar turmi, taɓarya, rariya, da tsoho ɗaya wanda ya sha cewa awon yana cikin kansa. Na duba kan, babu. Na sayo sabon ƙoƙo, ya fi shi zurfi. Na gwada kofin roba, liman ya ci tsinke ɗaya ya yi ta hawaye har la'asar. Na rage, aka ce garin ƙuli nake sayarwa. Tun daga ranar, masu cinikina sai su gaishe ni da ladabi su wuce wurin Dikko, yaron da ni na koya wa riƙe wuƙa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar a ƙofar gidana, amma sai mai ɗinkin ƙwarya ya harhaɗa gawar, Bushra ta cika ta da ƙuli ta ɗora a sikelin nan, ni kuma in kau da kai. Ɓallin da ke ɗauke da tabon gishiri har yanzu ba a gan shi ba. Wanda kazarsa ta ja shi, ya dawo da shi, ba za a yi tambaya ba.

Masu zuwa gaisuwa kada su kawo komai sai harshensu. Kowa zai ci tsinke uku, yaji iri uku, ya faɗi wanda ya fi kama da na da. A ji tsoron Allah a faɗi gaskiya. An tanadi ruwan sha.