Mushe Riyo da Gawon Gogo

A rediyon Gogo na fara jin sunansa, daminar 1992, ina hutun kwaleji a ƙauyenmu kusa da Ibohamane. Mai labarai ya ce Alƙasim Adamu, parzidan, wato shugaban Ƙungiyar Ceton Sama da Ƙasa ta Adar, ya yi tsokaci a kan taron da ƙasashen duniya suka yi a Riyo game da canjin yanayi. Gogo, kakata ta wajen uba, ta dakata da tsince wake.

"Wane Alƙasim? Na Cima? Wanda ka satar mini ƙwan zabbi?"

Shi ne kuwa, ɗan ƙanen mijinta. Sai dai ɓarawon ƙwai ya girma, ya zama abin alfaharin Adar. Allah ya ba shi ilimi mai nauyi, har sai da jaka yake ɗaukarsa. Ya san zafin da duniya za ta yi nan da shekara ɗari, ko da yake bai san ranar kasuwar garinsu ba. Taron Riyo kuwa ya halarce shi daga farko har ƙarshe, a kujerar gaba, a gaban talabijin ɗin wani otal a Yamai. Tun daga nan bakinsa bai sake furta "ni" ba, sai "mu da munka zauna Riyo". Mutane suka taya shi, suka sa masa Mushe Riyo, wato Malam Riyo a bakin 'yan Faransanci.

Aikinsa wayar da kai. Yakan zo da kwat, karabat ɗaure a wuya, cikin zafin bazara, ya tara mata a dandali, ya hau kan turmin wata.

"Jama'a, ku ka huda sama! Hayaƙin murhunku shi ka hawa yana cin rufin duniya. Mun tattauna zancenku da manyan ƙasashe, kuma ba su ji daɗi ba."

Matan sai su duƙar da kai, su ji kunyar manyan ƙasashe. A bayansa motar furoje, ta aikin ƙungiyarsu, tana ta ruri ba a kashe ta ba, don kada kujerar parzidan ta yi zafi kafin ya gama ceton duniya.

A gonar Gogo akwai wani gawo, mutum uku ba su kewaye shi da hannu. Ni aka fi ba labarinsa, don ni nake zama in saurara. A gindinsa kakannin kakanmu suke yanka kafin su karɓi salla. A yunwar 1984 'ya'yansa ne suka riƙe awakin Gogo, nonon awakin ya riƙe mu. Hatsin da ke ƙarƙashinsa kullum ya fi na sauran gonar tsayi. Halin gawo kuma ko yaron goye ya san shi: da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, da rani ya yi kore shar.

Mushe Riyo ma ya sani, a inuwarsa ya yi kiwo. Amma wata damina ya kawo Turawa biyu na wata ƙungiya, ya tsayar da su gaban gawon, ya cire tabarau, ya share ido.

"Ga abin da ɗumamar duniya ta yi muna. Ruwa na zuba, icce ya mutu tsaye."

Suka ɗauki hoto. Hoton ya yi tafiyar da mai shi bai taɓa yi ba, ya shiga taro bayan taro a Turai. Daga baya shi ma aka gayyace shi, ya hau jirgi, ya dawo da sabuwar jaka da tari irin na mutanen ƙasar sanyi.

Sai labari ya zo cewa Turawan za su dawo da manyansu, su ga shahararren mataccen icce da idonsu. A watan Maris za su zo, lokacin da gawon Gogo ya fi kowane icce a kwarinmu ganye.

Babban mutum ba ya rasa dabara. Rani ne, babana da ƙannensa duk suna Abijan ci-rani, gida sai mata. Ya zo da samari da gatura, ya ce sassabe ne irin na kimiyya. Gogo ta fito da sandarta.

"Alƙasim, iccen ubanka ne. Mi ya yi maka?"

"Inna, wannan magana ta fi ƙarfin gona. Magana ce ta ƙasa da ƙasa."

Makiyaya ma suna saran gawo, amma reshe ɗaya ko biyu, su bar masa abin numfashi. Shi bai bar ko ɗaya ba. Kafin la'asar gawon ya koma gungume mai hannuwa, ganyen kuma aka kwashe a amalanke don kada baƙi su gani. Bai sake toho ba. Haka Mushe Riyo ya zama mai gaskiya: iccen da ya ce ya mutu, ya mutu. Gogo ba ta ƙara taka gonar ba har ta bar duniya.

Shi kuwa yana nan, an ce har taron yanayi na Kiyoto an so a tura shi. Abu ɗaya ya taɓa roƙo a wurina, ranar saran nan. Ina tsaye cikin ɓawon icce da ya warwatsu, ya matso yana kakkaɓe kwat.

"Zaliha ɗiyata, ke kin yi lakwal, kin yi karatun boko, kin san amfanin abin. Gobe in baƙi sun zo, ki tsaya nan gindin iccen. Ki tuɓe takalmi, ki ari tsohon zanen Gogo. In sunka tambaye ki, kar ki amsa da Faransanci. Ki yi Hausa, ni ka fassarawa."

Sai ya duba fuskata, ya ga hawaye, ya gyaɗa kai.

"Yauwa, irin waɗanga. Amma ki ajiye su sai gobe."